Waƙar Godiya A Kabarin Gwaggo

Gwaggo ta rasu a Kuala Lumpur, a shekara ta biyu ta korona, kuma ba wanda ya shiga gidan ya zauna ya yi mana gaisuwa. Doka ta hana. Da a gida ne, kafin rana ta take tsaka an kwaso bencina daga coci, an kafa rumfa, matan zumunta sun ɗora tukwane. A Cheras, unguwar da muke zaune, abin da muka samu shi ne leda a bakin ƙofa. Mutum zai hawo bene, ya rataya ledar a jikin ƙofar ƙarfe, ya ƙwanƙwasa, ya ja da baya har wajen lif, sannan ya ɗaga murya ta cikin takunkumi ya ce, "Ya haƙuri?"

Ni ma daga waje nake. Yayana, wato ɗan Gwaggo, da matarsa da 'yarsu suna ciki a killace, manyan kowa da abin nan mai ruwan hoda a wuyan hannu, alamar ba fita. Ni ce mai karɓar gaisuwa a baranda kamar mai gadi.

Maman 'yan biyu, maƙwabciyarmu Bakanuwa wadda mijinta ke karatun dakta tare da Yaya, ta tsaya a ƙofarta tana share hanci da gefen hijabi. "Allah ya sa ta huta," abin da take ta maimaitawa ke nan, "Allah ya ba ku dangana." Wani tsoho ɗan Cana da ke benen da ke kallon namu ya hawo da ƙyar, ya ajiye lemo, ya sunkuyar da kai, ya koma. Mai kedai, wato ɗan shagon da ke ƙasan bene, ta aiko da shinkafa ta ce a gaya wa na ciki makan, wato su ci, ko ba sa so. Ɗalibanmu 'yan Najeriya suka cika waya da hoton kyandir, kowa yana rubuta Mama Masa ta tafi. Rabinsu ba su san sunanta ba, ɗanɗanon masarta kawai suka sani.

Kawu ya kira daga gida. "Ku sa ta a jirgi ku kawo mana ita, a kwantar da ita kusa da mijinta."

Na ce, "Kawu, ba kaya ba ce. Ni da nake nan ma ba a bari na ga fuskarta ba."

Ya ce, "Ke kullum bakinki," ya kashe.

Duk wanda ya yi gaisuwa, na kusa da na nesa, sai ya ƙare da magana ɗaya: ita kam mai godiya ce. Wannan maganar ce ta fi ci mini rai, domin Gwaggo ta bar mini aiki kafin ta tafi. Ta ce kada a rufe ta shiru, a yi mata waƙar godiya ga Allah a bakin kabari. Ni kaɗai ce a gidan ba a killace ba, ni kaɗai za a bari in je. Ni kuma a lokacin ba ni da godiyar da zan yi wa Allah, ko ta ƙwayar shinkafa.

Ina rubuta wannan ne don kada ta zama Mama Masa kawai. Ba zan kira sunan kowa ba. Wanda ya san mu ya san mu.

Gwaggo yayar babana ce, ciki ɗaya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai Uwata. In na ba ta haushi, Uwata mai baki. Ni na riga ta zuwa Malaysia. Da na gama sakandare Yaya ya ɗauko ni in taimaka wa matarsa, ina kuma yi wa ɗalibai kitso. Ita Gwaggo wankan jego ya kawo ta. Ta sauka da akwati ɗaya da jaka ɗaya, a cikin jakar akwai daddawa, kuka, da tandar masa naɗe cikin zanen zumunta. Ta ce ba za ta daɗe ba, tana da gyaɗa a gona. Kafin a gama wankan aka rufe duniya.

Ba ta taɓa son garin ba, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce ruwan saman nan ba shi da tarbiyya, ba ya jiran damina. Ta ce shinkafarsu ba ta riƙe ciki. Sau ɗaya muka kai ta shagunan yadi na titin Jalan Tuanku Abdul Rahman da aka ɗan sassauta kulle, ta taɓa yadi ta taɓa yadi, ta ce duk ba wanda zai jure wanki a rafi. Lif kuwa sai ta yi alamar gicciye kafin ta shiga. Kalma ɗaya ta koya ta Malay, boleh, wato zai yiwu, kuma da ita take amsa komai, har tambayar da ba ta ji ba.

Amma akwai wata al'ada tata da kowa ya sani tun a gida. In masifa ta sami mutum, ita ba da kuka take zuwa ba. Shinkafa take jiƙawa, ta yi masa, ta ɗauko kwano ta tsaya a ƙofarka, ta rera waƙar godiya. Waƙar tata ce, ita ta ƙirƙiro ta a zumunta. Mai ba da waƙa ta ce, "Uba, ga hannu ba komai," masu amshi su ce, "Mun gode da bakin da ya rage." A unguwarmu in ka hango Gwaggo da kwanon masa ta nufo gidanku, to ka san wani abu ya same ku. Akwai masu son abin, akwai masu rufe ƙofa. Yaya ya taɓa ɓoye mata cewa malaminsa ya dawo masa da babi guda na aikinsa, ya ce da ni, "Ki rufa mini asiri. In Mama ta ji, duk benen nan sai ya san na faɗi."

Tushen al'adar wata waliyiya ce. A jakar carbinta akwai wani ɗan kati da ya tsufa har gefensa ya yi laushi, hoton wata Baturiya da kambin sarauta a ka, ta tattaro gaban rigarta cike da burodi. Wata Sista ce ta ba ta tun tana yarinya tana wankin zannuwa a asibitin mishan. Waliyiyar tana da suna, a coci ma ana kiransa, amma Gwaggo ba ta ce mata komai sai Yayata, kamar wadda suka tashi ɗaki ɗaya.

Ga yadda take ba da labarin, yawanci tana juya masa da ɗan tsinke. A zamanin da, shekaru ɗaruruwa da suka wuce, a wata ƙasar Turai mai sanyi, an yi 'yar sarki da aka aurar wa ɗan sarki, kuma suna son juna. Gidansu a kan dutse yake. Kullum sai ta sauko da burodi ta kai wa marasa lafiya, ta wanke masu gyambo da hannunta, dangin miji suna tsaki. Mijin ya tafi yaƙi, zazzaɓi ya kashe shi a hanya. Sai danginsa suka fitar da ita da ƙananan 'ya'yanta a tsakiyar sanyi. Mutanen gari suka rufe ƙofofinsu, har waɗanda suka ci burodinta. Ta kwana inda ake ɗaure aladu. Da ta ji ƙararrawar coci sai ta miƙe ta nufi can.

A nan nake katse ta, kullum. "Na sani, ta yi godiya. Gwaggo, masarki za ta ƙone."

Wata rana na tambaye ta, "To da ta yi godiyar, an mayar mata da gidan?"

"Ba ta koma ba. Jinyar marasa lafiya ta ci gaba da yi. Ta mutu da ƙuruciyarta, kusan sa'arki."

"Ashe an cuce ta ke nan."

"An cuce ta mana. Wa ya ce miki ba a cuce ta ba?"

"To godiyar me?"

"Uwata, in za ki bari in kai ƙarshe sau ɗaya..."

"Wadda zan yi wa kitso tana jirana."

Haka muke. Ita ba ta gajiya da farawa, ni ba na gajiya da tashi.

Da kulle ya yi tsanani a shekara ta biyu, mutane suka fara rataya farin ƙyalle a taga, alamar abinci ya ƙare a gidan. Gwaggo ta mayar da barandarmu wurin gadi. Wata safiya ta hango fari yana kaɗawa a benen da ke gabanmu. Ba ta tambayi kowa ba. Ta yi masa, ta yi miyar taushe da kabewar da ta ce ba ta kai ta gida ba, ta tasa ni gaba. Muka hau, na ƙwanƙwasa. Tsohon nan ɗan Cana ya buɗe, ya dube mu, ya dubi kwano. Na yi masa bayani da Turanci, ina nuna taga. Ya juya ya duba, ya daɗe, sannan ya tafi ya ciro abin. Singiletinsa ce ya wanke ya shanya.

Ni kunya ta kama ni har wuya. Na ce, "Gwaggo, mu tafi, mun zubar da mutuncinmu."

Ta ce, "Tambaye shi yaushe rabonsa da cin abinci tare da mutum."

"Ba zan tambaya ba."

Ta miƙa masa kwanon da hannu biyu ta ce, "Boleh." Ya karɓa. Washegari ya dawo da kwanon a wanke, da lemo a ciki. Daga ranar in ya shanya singileti sai ya ɗago mata hannu, ita kuma ta ɗaga masa tsinken masa. Ba su taɓa fahimtar kalmar juna ba. Daga baya mai kedai ta gaya mana 'ya'yansa suna wata ƙasa, shi kaɗai yake zaune.

Ba a daɗe da wannan ba aka kira ni daga gida. Babana yana da asma. Ta tashi masa, aka sa shi a mota, aka yi ta yawo da shi daga wannan asibiti zuwa wancan, kowa yana cewa sai an kawo shaidar gwajin korona kafin a taɓa shi. A bayan motar ya cika.

Na kwanta a kan tayil ɗin falo. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Abin da ya tashe ni ƙarar injin markaɗe ce. Can sai ƙamshin mai a tanda. Can sai muryarta, a hankali, "Uba, ga hannu ba komai."

Na shiga kicin. "Gwaggo, me kike yi?"

"Godiya."

"Ta me? Ƙaninki ya mutu a bayan mota kamar buhun masara."

"Na sani."

"Kin sani kike waƙa? Ki gode wa wa? Wanda ya zuba ido yana kallo ana mayar da shi daga ƙofa zuwa ƙofa?"

Matar Yaya ta shigo da yarinya a kafaɗa. "Ke, ki ji tsoron Allah."

Na ce, "Anti, ki fita daga maganar nan, ba ubanki ba ne."

Gwaggo ba ta juyo ba. Hawaye na sauka daga haɓarta, tana kawar da kai don kada su ɗiga a ƙullu. Ta ce, "Ba a ce ki amsa ba, Uwata. Je ki kwanta."

"In kika sake rera waƙar nan a kan ubana, zan bar gidan nan."

Ta zuba ƙullu a ramin tanda, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Na tattara kayana na koma Taman Melati wurin wata ƙawata, inda dama yawancin waɗanda nake yi wa kitso suke. Har yau ban ce maganata ba ta da tushe ba. Mutum ya mutu saboda takarda, kuma abu na farko da za a ji a gidan shi ne mun gode? Wanda yake ganin wannan abu ne mai sauƙi bai taɓa kwanciya a tayil ba. Gwaggo ba ta kira ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban kira ba. Masa kawai take aiko mini, an yi tapau, wato an ƙunshe a roba, ta hannun masu babur. Ina ba 'yan ɗakinmu su cinye.

Barin gidan da na yi shi ya sa cutar ba ta same ni ba. Yaya ne ya fara, sai matarsa, sai Gwaggo. Su biyun suka yi zazzaɓi suka tashi. Ita tana da ciwon suga. Motar asibiti ta zo ta ɗauke ta, Yaya yana kallo ta taga. Ya ce ta tsaya a bakin lif ta yi alamar gicciye kamar kullum.

Sau ɗaya muka yi magana daga asibiti. Wata nas ce ta riƙe mata wayar. Abin oksijin ya rufe rabin fuskarta, gashinta a tsefe, ba ɗankwali. Ban taɓa ganin kanta a buɗe a gaban baƙi ba.

"Uwata mai baki."

"Gwaggo, wa ya bar kanki haka? In kin fito zan yi miki shuku."

Ta ɗaga hannu, alamar in yi shiru. Kalma ɗaya, numfashi ɗaya. "Ba za su kai ni gida ba. Na sani. Ƙasa duk ta Ubangiji ce. Amma kada a rufe ni shiru kamar mushen kaza. A yi godiya. Ke ce a waje."

"Ki daina irin wannan maganar."

"Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji."

Na ji kawai na ce. Ban ce zan yi ba, kuma ta san bambancin, don ta tsaya tana kallona har nas ta janye wayar.

Ranar jana'iza na iso Cheras da safe. An ce da yamma za a yi, a maƙabartar Kirista, mutum ɗaya daga dangi, daga nesa. Yaya ya zo bakin ƙofar ƙarfe ya riƙe ta da hannu biyu. Ya rame, gemu ya cika masa fuska.

"Za ki yi?"

"Ba zan yi ƙarya a kan kabari ba."

"Ba ƙarya aka ce ki yi ba. Waƙa ce, layi biyu. Just sing it, don Allah."

"Ta zo wankan jego ta mutu a hannun baƙi, ba wanda ya riƙe mata hannu, za a naɗe ta a leda. In tsaya in ce na gode? Kai ka rera ta waya."

"Na gwada da safe. Ba ta fita. Mahaifiyata ce. Abu ɗaya ta roƙa."

"Ni ma ubana ne."

Ya zame ya zauna a ƙasa, bayansa jingine da bango. Na ji yarinyar tana kuka a ciki. Na juya zan tafi.

"Ƙanwata." Maman 'yan biyu ce, tana tsaye a ƙofarta da kwandon wanki. Duk ta ji, barandar ba ta ɓoye magana. "Zo. A'a, tsaya nan, kada ki matso. Ni Musulma ce, ban san kan addininku ba, kada ki ce na yi shisshigi. Amma labarin yayar nan tata na sha jin sa muna shanya. Ai ba ita ta yi waƙar ba."

"Wace waƙa?"

"Ta godiyar. Zuwa ta yi ta ƙwanƙwasa wa malaman cocin, ta ce su rera mata. Gwaggo ta ce mace da ta kwana cikin aladu, yara suna kukan sanyi a jikinta, ina za ta sami murya? Roƙa ta yi, ta tsaya a baya, suka yi."

Na ce, "Ni ba haka na san shi ba."

"To ni haka ta ba ni, ba sau ɗaya ba." Ta ajiye kwandon. "Kin tuna lokacin da na yi ɓari? Ke kina wajen kitso. Ta zo da masa ta tsaya daidai inda kike tsaye. Na ce a raina, yau kuma waƙar coci za a yi mini a ƙofa. Sai ta ce, 'yata, ba zan yi miki waƙarmu ba, addininki daban. Ki kwanta ki yi fushinki. Ni zan riƙe miki godiyar har ki tashi ki yi alhamdulillahinki da bakinki. Wallahi na fi wata ban iya faɗa da zuciya ɗaya ba. Duk safiya in mun haɗu sai ta ce, tana nan, ba ta lalace ba."

Haushi ne ya fara kama ni, ba kuka ba. Na tuna kicin, na tuna ba a ce ki amsa ba. Ashe ba gayyata ta take yi ba ranar. Ta ga ba zan iya ba, ta ɗauki nawa ta haɗa da nata, ga ƙaninta a bayan mota. Kuma wurin da nake katse ta kullum, daidai ƙararrawar coci, nan ne maganar take.

Na sauka ƙasan bene na zauna a kan dakalin kedai. Na jira gari ya waye a gida, na kira uwar zumuntarmu, tsohuwar ƙawar Gwaggo tun suna 'yan mata.

"Mama, ni ce. Gwaggo ta ce a yi mata godiya a kabari. Ni ba zan iya ba. Ban gode ba, kuma ba zan ce na gode ba."

Na shirya jin wa'azi. Ta yi tari, ta ce, "Wa ya tambaye ki? Yaushe za a sa ta?"

Na gaya mata.

"To ki cika wayarki da caji. Kin san ranar da aka binne mijinta na je ƙofarta da waƙa? Ruwan wanke-wanke ta watsa mini. Sabon zane, ranar na fara ɗaura shi. Ta shekara ba ta buɗe baki a coci ba. Ni na riƙe mata."

"Gwaggo?"

"Gwaggonki. Daga ina kike tsammani kika samo bakin nan?"

Maƙabartar a kan tudu take. An ja igiya, aka ce in tsaya a bayanta. Fada, wani Ba'indiye ɗan ƙasar, ya tsaya can gefe da takunkumi, ya yi addu'a da Turanci, iska tana kwashe rabin kalmomin. Maza huɗu cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa suka sauko da akwatin, an naɗe shi da leda. Ba ka ganin fuskar kowa. Motar tona rami tana jira a baya, injinta a kunne. Hadari ya haɗu, irin wanda ta ce ba shi da tarbiyya.

Na kira. Hoton ya buɗe a harabar cocinmu, can hantsi ne. Sun zo. Suna tsaye cikin zanen zumunta, wasu da goyo, wata da tulun kiɗa a cinya, wata da caki. Na hango innata a layin baya, cikin baƙin ɗankwalin takaba. Ban san an gaya mata ba.

Na juya wayar ta kalli ramin, na miƙa hannu sama da igiyar iyakar tsawonsa.

Uwar zumunta ta ba da waƙa. Muryarta ta tsufa, tana rawa. "Uba, ga hannu ba komai."

Sai amshi ya zo, duka a tare, har lasifikar wayar ta yi ƙara. "Mun gode da bakin da ya rage."

Fada ya rufe littafinsa. Mazan nan suka saki igiyoyin a hankali har akwatin ya zauna. Mai motar ya ɗaga cokalinta cike da jar ƙasa. Ɗaya daga cikin masu fararen kayan ya dubi wayar, ya dube ni, ya ɗaga wa direban hannu ya ce, "Wait lah." Aka kashe injin. Suka tsaya a jere, hannuwa a gaba, har matan suka kai ƙarshe suka sake ɗaukowa daga farko.

Ni ban rera ba. Ina so wannan ya fito fili, domin tuni wasu suka fara cewa na fashe da waƙa a bakin kabari. Ban buɗe baki ba. Na riƙe waya. Hannuna ya yi ciwo, na tallafe shi da ɗayan. Ruwa ya fara sauka, na kare gilashin da gefen ɗankwalina don kada hoton ya ɗauke. Abin da na yi ke nan. Amma ba a rufe ta shiru ba.

Da aka gama na juyo da wayar. Uwar zumunta ta matso har fuskarta ta cika gilashin, tana haki.

"Kin ga an yi?"

"Na gani, Mama."

"Naki kuma mun riƙe miki, na babanki da na gwaggonki. Ba ya lalacewa. In kin shirya ki zo ki karɓa."

Da aka cire wa su Yaya abin hannu, matarsa ta naɗe tandar cikin zanen da ta zo a ciki ta kawo mini Taman Melati. Katin waliyiyar yana wurin Yaya. Tsohon nan har yanzu yana shanya singiletinsa, in na je Cheras ina ɗaga masa hannu. Tandar tana saman kabad, ban ɗora ta a wuta ba. Ina zuwa coci tun da aka buɗe, ina zama a baya, in an zo wajen godiya ina yin shiru, kuma ba na jin kunyar shirun.

Gwaggo, Ubangijin da kika yi wa waƙa da hannu ba komai ya karɓe ki, ya ba ki hutu a wurinsa. Ki gai da Baba. Ki gai da Yayarki, ki ce mata na ji labarin har ƙarshe.

Godiyata tana hannun matan zumunta. Ban je karɓa ba tukuna.